FASHIN BAƘI: Me ke sa wurin kiɗa ya amsa sunansa? Darasi daga Samaru da Sabon Garin Zariya

Duk wanda ya bi titin Sakkwato da daren Asabar, ya taso daga Samaru, ya ratsa Palladan da Kwangila har ya gangara PZ, zai ji Zariya tana kiɗa ta fuskoki da dama. A wani ɗakin taro ana shagalin biki, mawaƙi yana wasa ango da danginsa. A wata majami'a matasa suna gwajin waƙoƙin safiyar Lahadi da jita da ganguna. A harabar wani otal ɗalibai sun haɗa casu, a wani lungun kuma an baza lasifika a tsakiyar layi an tare hanya da benci.

Abin da ya haɗa mafi yawan waɗannan wurare shi ne ba don kiɗa aka gina su ba. Ɗakunan lacca ne, da zaurukan biki, da farfajiyar otal, da filayen ƙwallo, waɗanda ake ara na dare ɗaya. Shi ya sa idan matasa suna gardamar wurin da ya fi daɗin kallon wasa, hirar takan tsaya kan girman lasifika, da walƙiyar fitilu, da sunan mawaƙin da aka gayyato. Ba kasafai ake tambayar ko an ji baitin da ya rera ba, ko ƙofa nawa ce a buɗe, ko ta yaya 'yan kallo suka koma gida, ko nawa makaɗan suka samu. Alhali waɗannan tambayoyi su ne ma'aunin wuri mai kyau, kuma kowace daga cikinsu tana da wani jami'i ko wata hukuma da doka ta ɗora wa alhakinta.

Kiɗa ya riga ɗakin taro

A ƙasar Zazzau kiɗa ya daɗe da samun muhallinsa tun kafin a san tikiti. A ƙofar fada ana buga tambari, ana busa kakaki da algaita a daren Juma'a da lokacin hawan salla. A unguwanni da ƙauyuka akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa samari suna kewaye. Mahauta suna da kalangunsu, maƙera da manoma da 'yan dambe kowa da kiɗansa, mata kuma suna da amada a cikin gida. Bayan an kawar da amfanin gona sai kalankuwa, wadda ƙauyen Bomo da ke maƙwabtaka da Samaru ya yi suna a kanta.

Masana daga nesa sun zo sun nazarci wannan tsari. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau a 1949 da 1950, ya wallafa nazari kan roƙo da matsayin maroƙa a 1957. David Ames ya zauna da makaɗan Zariya a farkon shekarun 1960, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da ayyukan nan suka nuna shi ne kowane kiɗa yana da wurinsa, da lokacinsa, da mutanensa, da wanda zai biya. Dandali fili ne kawai, amma yana da shugabanni, sarkin samari da takwararsa ta 'yan mata, kowa ya san kowa, kuma ba shi da katangar da za ta tare mai gudu. Duk wanda ke son fahimtar abin da ya ɓace a wuraren wasa na yau, daga nan ya kamata ya fara.

Jirgin ƙasa da jami'a

Abubuwa biyu ne suka sauya taswirar kiɗa a Zariya. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. A kusa da tasha Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, Yarabawa da Ibo da mutanen Gana da Saliyo da sauransu. Su suka zo da garmaho, da kiɗan hayilayif da juju, da ƙungiyoyin mawaƙan coci, da al'adar zama a otal a saurari makaɗa a kan dandamali. Barikin horar da kuratan soja, wanda aka kafa a 1924, ya ƙara da badujala. Makaɗan Hausa ma ba a bar su a baya ba, domin masu kukuma da goge da kalangu sun samu masu sauraro a Sabon Gari da Tudun Wada, nesa da idon tsohon birni. Hassan Wayam, gwanin kukuma ɗan asalin ƙasar Zamfara, a Zariya ya yi mafi yawan rayuwarsa har ya rasu. Bala Miller kuwa, wanda ya yi fice da waƙoƙin hayilayif cikin harshen Hausa a Kaduna, ɗan gidan wani malamin coci ne mutumin Zariya.

Na biyu shi ne Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Ita ta mayar da Samaru, wadda a da aka fi saninta da gonar gwaji ta binciken noma, ta zama garin dubban matasa daga kowane sashe na Najeriya. Jami'ar ta kuma ɗaga darajar makaɗin gargajiya a idon 'yan boko lokacin da ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988.

A yau Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya suke, wato Sabon Gari, kuma wuraren da ake zuwa kallon wasa sun kasu gida-gida. A cikin jami'a akwai babban ɗakin taro na Assembly Hall, da dandalin yaye ɗalibai mai sunan Mamman Kontagora, da gidan wasan kwaikwayo na Drama Village. A waje akwai tsofaffin otal irin su Zaria Hotel da Kongo Conference Hotel, da sababbin zaurukan biki da suka yawaita a 'yan shekarun nan, da majami'u, waɗanda har gobe su ne babbar makarantar da matasa ke koyon jita da fiyano da ganga. Sai kuma titi da filin makaranta, inda talaka ke yin nasa shagalin.

Ma'auni na farko: a ji abin da ake faɗa

Waƙar Hausa waƙar magana ce. Mai sauraron Shata ko Ɗanƙwairo ko Barmani Choge yana bin zance ne, yana jiran habaici da zambo da kirari. Haka ma mai sauraron mawaƙan zamani da masu gambarar zamani. Harshen kansa yana dogara da karin sauti, ta yadda hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da itacen kuka, kuma wannan karin ne kalangu ke kwaikwaya har a ce yana magana. Saboda haka ɗakin da ke cakuɗa sauti ya fi cutar da waƙar Hausa fiye da kiɗan da rawa kaɗai ake nema a cikinsa.

Dalilin cakuɗewar a fili yake. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya bugi abu mai tauri da santsi, kamar tayil ko gilashi ko siminti ko rufin kwano, sai ya dawo. Idan wanda ya dawo ɗin ya yi ƙarin tafiyar da ta kai mita 17, kunne zai ji shi daban, kamar ana maimaita magana. Idan kuma ya yi ta kai da kawowa tsakanin bango da bango, ƙarshen kalma ɗaya sai ya hau kan farkon ta gaba. Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya fara auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a ɗaki, kuma da lissafinsa aka gina babban zauren kiɗa na Boston a 1900. Kiɗan gargajiyar Turai yana son kimanin daƙiƙa 2. Magana da waƙar da ake yi da lasifika kuwa suna son kusan daƙiƙa 1 ko ƙasa da haka.

Zauren biki na zamani, mai daɓen tayil da dogon bango da silin mai sheƙi, an tsara shi ne domin ya yi kyau a hoto. Idan sauti ya cakuɗe a cikinsa, abin da mai kula da na'ura yakan yi shi ne ya ƙara ƙara, wanda kuma ƙara dagula lamarin yake yi. Maganin bai kai tsadar da ake zato ba: labule mai kauri a bangon baya, darduma a ƙasa, kujeru masu katifa, da ƙananan lasifikoki da aka rarraba aka fuskantar da su ga jama'a maimakon tula manya a kusurwa ɗaya. Mai son gwada ɗaki kafin ya kama haya, ya tsaya a tsakiyarsa ba kowa ya tafa hannu sau ɗaya. Idan tafin ya yi ta yawo, haka baitin mawaƙi zai yi.

Abin sha'awa shi ne akwai misali mai kyau a cikin Samaru. A tsakiyar shekarun 1970, Michael Etherton, wanda ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, da Steven Ehrlich, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine da ke koyarwa a can, suka tsara Drama Village bisa fasalin gidan Bahaushe. An gina shi da ƙasa, da zagayayyun ɗakuna masu jinka da katanga ta haɗa su, suka kewaye fili a tsakiya. Katangar ƙasa mai kauri tana tare hayaniyar waje, fuskarta mai kaushi tana warwatsa sauti, sararin sama kuma ba ya mayar da amo. Ɗan kallo yana kusa da mai wasa har yana ganin idonsa. Ginin ƙarami ne, don wasan kwaikwayo aka yi shi, kuma damina tana takura masa. Duk da haka ya nuna cewa hikimar magina ta garin Babban Gwani Muhammadu Durugu tana da amsar matsalar da ake kashe miliyoyi ba a magance ba.

Ƙara ba ita ce daɗi ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A lissafinta, kunnen baligi yana jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, amma idan ta kai 90 awa 4 kacal ke nan. A watan Maris na 2022 hukumar ta fitar da ƙa'ida ta musamman domin wuraren wasa: kada matsakaicin ƙarfin sauti ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15, a riƙa aunawa ana rubutawa, a tanadi abin toshe kunne, a kuma keɓe wurin da ba hayaniya inda mutum zai huta. Wanda ya fito daga casu kunnensa yana ƙugi har washegari, alama ce ta cewa an yi masa illa, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa dawowa.

Ƙarar ba ta tsaya kan 'yan kallo ba. Samaru gari ne mai cunkoso, inda ɗakin ɗalibi da masallaci da coci da gidan mai jego suke katanga ɗaya. Najeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, jihar Kaduna kuma tana da hukumar kare muhalli ta KEPA. Wurin da ya san lokacin tashi, ya juya lasifikarsa daga gidajen mutane, ya kuma yi la'akari da lokutan ibada da na jarrabawa, shi ne wanda maƙwabta ba za su kai ƙararsa ba. A Ingila, tun 2018 tsarin gine-gine ya ɗora wa wanda ya zo daga baya nauyin kare kansa daga hayaniya: mai gina gidaje kusa da tsohon gidan kiɗa shi zai toshe bangonsa, mai buɗe gidan kiɗa a tsakiyar gidaje shi ma haka. Ƙa'ida irin wannan tana raba gardama tun kafin ta zama rikici.

Ƙofar fita

A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan siliman El Duniya da ke Kano. Daga cikin 'yan kallo kimanin 600, mutum 331 suka rasu. Fiye da shekara 70 ke nan, amma darasin bai tsufa ba. A ranar 15 ga Disamba, 2022, turmutsitsi a ƙofar zauren Brixton Academy na birnin Landan, lokacin wasan mawaƙin Najeriya Asake, ya yi ajalin mutum 2. Hukumar yankin ta dakatar da lasisin wurin, ba a sake buɗe shi ba sai a Afrilun 2024, bayan an gindaya masa sharuɗɗa 77. A Disambar 2024 kuma yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani taron nishaɗi a Ibadan.

Masana harkar taro sun nuna cewa idan mutanen da ke tsaye suka haura 5 a kowace murabba'in mita, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron sai ya riƙa tafiya da shi kamar ruwa. Yawancin waɗanda ke mutuwa a irin wannan hali numfashi ne ke gagararsu, suna tsaye. Babban abin tsoro a wasannin da ake karɓar kuɗi shi ne al'adar kulle dukkan ƙofofi a bar ɗaya, domin kada wani ya shiga ba tikiti. Idan aka haɗa da tagogi masu ƙarfen hana ɓarayi, da wayoyin wuta a ƙasa, da janareto da jarkar fetur a bakin hanya, to an haɗa duk abin da musiba ke buƙata.

Wuri mai kyau ya san adadin mutanen da zai iya ɗauka, ya rubuta a bakin ƙofa, kuma ba ya sayar da tikitin da ya wuce haka. Yana da ƙofofin fita aƙalla biyu a ɓangarori daban-daban, masu buɗewa waje, ba kwaɗo a jikinsu muddin akwai mutane a ciki. Yana da tukunyar kashe gobara mai aiki, da fitilar da ke kamawa idan wuta ta ɗauke, da ma'aikatan da aka koya wa abin da za su yi. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai kai kuɗin hayar lasifika na dare ɗaya ba.

Wuta da hanyar gida

Wasa ba ya ƙarewa da waƙar ƙarshe, sai kowa ya isa ɗakinsa. Tsakanin Samaru da tsakiyar Sabon Gari akwai tafiyar sama da kilomita 10, kuma idan dare ya yi nisa motocin haya da Keke Napep sukan yi wuya, kuɗinsu ya ninka. Ɗaliba mai komawa ɗakin kwana ita ta fi kowa jin wannan a jikinta.

Tarihin garin ma ya koya wa mutane taka-tsantsan. A Maris na 1987 rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙona wuraren ibada da otal-otal. A ranar 17 ga Yuni, 2012, aka kai harin bam a majami'u a Sabon Gari da Wusasa, aka sa dokar hana fita. A Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, ya kashe mutum sama da 20. A Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suka sace ɗalibai da malamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage wa dare armashi, ya tura shagali cikin katanga. Kullen korona na 2020, da yajin aikin malaman jami'a na wata 9 a shekarar da na wata 8 a 2022, sun kwashe wa Samaru 'yan kallonta na tsawon lokaci.

Sai batun wuta. Ba mai shirya wasa da zai dogara da wutar gwamnati kaɗai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tayar da janareto ya ninka sau da yawa. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wannan tsada a kan tikiti take ƙarewa, ko a aljihun makaɗa. Wasan da aka fara bayan la'asar aka tashi da wuri yana rage shan mai, yana sauƙaƙa komawa gida, yana kuma ba iyaye natsuwar barin 'ya'yansu su je.

Wa ke iya shiga?

Ana gane wuri mai kyau da irin mutanen da ke cikinsa. Idan mace ba za ta iya tsayawa ta kalli wasa ba tare da an takura mata ba, ko babu banɗaki mai tsabta da aka keɓe mata, to rabin gari an hana shi shiga ko da ba a rubuta ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keken guragu da makamantanta, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Abin kunya ne a ce garin Aliyu Namangi, makahon da ya wallafa Imfiraji, yana gina zauren da makaho ko gurgu ba zai iya shiga shi kaɗai ba.

Akwai kuma batun addini da tarbiyya, wanda ba a kauce masa. Jama'a da yawa a Zariya suna kallon wurin kiɗa a matsayin matattarar shaye-shaye da lalata, wasu malamai kuma suna ganin kiɗan kansa bai halatta ba. Wanda ya yi watsi da wannan ra'ayi zai sha mamaki. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3 a Kofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Amma rufe wuri ba ya kashe sha'awar matasa, sai dai ya kora ta inda ba fitila, ba mai gadi, ba mai sa ido. Wurin da ke a sarari, mai ƙa'idar shekaru, wanda ba a sayar da kayan maye a cikinsa, wanda mai unguwa da iyaye suka san lokacin buɗewarsa da rufewarsa, ya fi kusa da dandalin da kakanni suka sani. Yana kuma cikin 'yan wuraren da matashin Tudun Jukun da na Muciya da ɗalibar da ta zo daga Binuwai za su zauna a benci ɗaya, abin da garin da ya sha rikici yake matuƙar buƙata.

Wa ke biyan mawaƙi?

A nan ne maganar ta shiga siyasa kai tsaye. Makaɗin Hausa ya gaji dogaro da ubangida da liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙi da takardar naira, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 hukumar EFCC ta tsananta kamen masu yi. Sayar da faifai ya mutu, kuɗin da ake samu ta intanet kuma 'yan kaɗan ne ke cin moriyarsa. Abin da ya rage wa mafi yawan mawaƙa shi ne biki da ɗan siyasa.

Mawaƙin da abincinsa ke hannun mai mulki ba zai yi waƙar ramukan titi ko albashin da ba a biya ba. Wanda mutum 300 ke sayen tikitinsa duk wata kuwa yana da iyayen gida 300, ba wanda zai iya rufe masa baki shi kaɗai. Fela Kuti ya iya faɗin abin da ya faɗa wa gwamnatocin soja ne saboda yana da gidan wasansa a Legas, inda yake hawa dandamali a kai a kai, kuma 'ya'yansa Femi da Yeni sun buɗe sabon gidan a Ikeja a 2000. Saboda haka wuri mai kyau yana da ranakun wasa sanannu, da kuɗin shiga daidai aljihun ɗalibi, da yarjejeniya a rubuce kan kason mawaƙi da 'yan amshi da makaɗa, da kuma dama ga sabon shiga ya gwada sa'arsa kafin babban baƙo ya hau.

Alhakin wa?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi samar da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a da fitilun titi, da kula da gidajen abinci da lasisin sayar da barasa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Izinin gini yana hannun hukumar KASUPDA, duba matakan kashe gobara kuma aikin hukumar kashe gobara ne. A matakin tarayya, an kafa ma'aikatar fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, aka ba Hannatu Musawa, wadda garinsu shi ne mahaifar Shata. Bankunan Najeriya sun zuba biliyoyin naira wajen gyara babban gidan wasa na ƙasa da ke Legas. Matashin Samaru yana da haƙƙin tambayar mene ne rabonsa.

Abin da ake buƙata daga hukuma shi ne ƙa'ida bayyananniya tun kafin a buɗe wuri. A ƙarshen Disambar 2020 KASUPDA ta rushe wani gidan abinci da shaƙatawa a kudancin birnin Kaduna bayan wata sanarwar casun batsa ta yaɗu a shafukan sada zumunta. Mai wurin ta musanta hannu a ciki, daga baya kuma aka ce rashin izinin gini ne dalili. Ko ma wane ne ke da gaskiya, mai jari da ya ga haka zai yi tunani sau biyu kafin ya gina gidan wasa. Lasisi mai sharuɗɗa a rubuce, da dubawa lokaci-lokaci, da gargaɗi kafin hukunci, da damar ɗaukaka ƙara, su ne ke kare 'yan kallo da masu jari baki ɗaya.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram suna da gidajen matasa da al'adu mallakar hukuma, Yamai kuma tana da cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda mai dandalin wasa a sarari. Fili mai katanga, da dandamali, da matakalan zama, da banɗaki, da ƙofofi huɗu, da fitilu masu aiki da hasken rana, bai fi ƙarfin ƙaramar hukumar da ke da jami'a mai sashen zanen gine-gine da sashen wasan kwaikwayo a cikinta ba. Da rana a yi muhawara da gasar karatu da taron ƙungiyoyi, da yamma a yi kiɗa.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun ɗan kallo. Idan ya shiga wuri ya fara duba ƙofa ta biyu, ya ga ko a buɗe take. Ya lura ko yana jin kalmomin waƙar, ko kunnensa kawai ke zafi. Ya tambayi mai shirya wasa mutum nawa ɗakin ke ɗauka da tikiti nawa aka sayar. Idan kuma lokacin zaɓe ya zo, ɗan takarar kansila ko na shugaban ƙaramar hukuma ya iso da mawaƙinsa da motar lasifika, sai a tambaye shi a wane fili mawaƙin zai yi wasa bayan an gama ƙirga ƙuri'a.